Saura Yatsa Biyu

Sai da muka wuce Kwantagora na gane cewa dako muka fito da sunan hutu. Ina zaune a tsakiyar doguwar mota, ƙafata ɗaya bisa galan na man shanu, ɗaya bisa ƙullin daddawa. Bello, ɗana mai shekara biyar, yana barci a cinyata. Yayarsa Nana ta rungume tulun zuma kamar jaririya. Babansu yana gefe, buhun shinkafa 'yar gida tsakanin gwiwoyinsa. Ƙulli goma sha ɗaya muka ɗauko daga Talatar Mafara, kuma jaka ɗaya ce kawai tamu. Sauran duk saƙo ne.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki. Ƙarƙashin kekena akwai kwali cike da littattafan soyayya, waɗanda nake saye tun ina budurwa a wajen masu shimfiɗa su ranar kasuwa. A irin waɗannan littattafan ne na fara cin karo da gidan wasan yara na bakin teku, inda ake da wani jirgin lilo mai hawa sama a hankali, ya tsaya kamar yana tunani, sannan ya gangaro da gudu mutane suna ihu. Daga baya na gan shi a waya, aka ce mini a Ikko yake. Shekara guda ina ba yarana labarinsa da la'asar, ina taka keke suna zaune a tabarma. Na ƙara masa gishiri, ba zan ɓoye ba. Na ce daga can sama ana ganin teku har ƙarshensa, jiragen ruwa kamar takalman yara. Kullum Bello sai ya riƙe mini gefen zane ya ce, "Mama, da gaske?" Ni kuma in ce, "Da gaske. Kai da kanka za ka hau, na yi maka alkawari."

Da shinkafar Baban Nana ta yi kyau, ya yarda mu tafi a hutun ƙarshen shekara, kwana huɗu. A wurinmu kuwa ba a tafiya mai nisa ba tare da an zaga an yi sallama ba, kuma ba wanda zai bar ka ka wuce hannu rabbana alhali yana da ɗa ko ɗiya a can. Mun je Bakura wajen Gwaggo Ige, ƙanwar mahaifin Baban Nana, ta ɗora mana man shanu da kuka na ɗiyarta Hajara da ke aure a Agege. Mun je Maradun wajen nawa iyayen, aka ƙara. Kafin mu dawo labari ya kai Tsibiri da Ruwan Gizo, mutanen da ban taɓa gani ba suka zo a kan babur da ƙulli da lambar waya a 'yar takarda. Baban Nana bai iya cewa a'a ba. Ni kuwa a raina ina ganin abin kamar a littafi: mu sauka, mu miƙa, a sa mana albarka, mu wuce bakin teku.

A Jebba Bello ya farka muna kan gada. Ya manna fuska a gilashi ya ce, "Mama, ga teku!" Na ce masa wannan Kwara ce, ƙanwar teku ce, babban yana gaba. Wani dattijo mai fataucin goro da ke bayanmu ya yi dariya, ya miƙo masa gasasshen kifi a takarda. A nan ne kuma na lura man shanun ya narke ya bi ta murfi, ya shiga zanena har idon sawu. Da wannan ƙamshin na shiga Ilori, da shi na wuce Badun.

Tashar da aka sauke mu a Ikko ba ta da gaba ba ta da baya. Hayaniya ta ko'ina, kuma ba kalma ɗaya da kunnena ya kama. Muna tsaye a tsakiyar kayanmu kamar masu gudun hijira, sai na ji murya a bayana: "Sannunku da tahiya. Daga ina kunka hito?" Wallahi sai da hawaye ya zo mini. Wani saurayi ne mai fara'a, da hula tsaf. Da ya ji Mafara sai ya dafe ƙirji, ya ce ai shi ma mutumin wajen ne, ya gaishe mu gaisuwar gida har da tambayar ruwa da amfanin gona. Ya ce bari ya rage mana kaya zuwa bakin titi. Ya duba ƙullin nan duka, ya ɗauki wanda ya fi sauƙi, ya shiga gaba muna bin sa. Wata mota ta gitta tsakaninmu. Da ta wuce, babu shi babu jaka.

Jakar tamu ce. A cikinta akwai ankon da na yi sati uku ina ɗinka mana, shuɗi mai ruwan teku, wanda za mu saka ranar gidan wasa a ɗauke mu hoto. Saƙon mutane kuwa ko ƙulli ɗaya bai yi ciwon kai ba.

Baban Nana ya daɗe yana kallon hanyar da saurayin ya bi, sannan ya ce, "Ko ba komai yaron ga ya iya gaisuwa."

A Agege muka sauka, gidan Hajara. Ta rungume ni tana kuka, ta shinshina galan ɗin man shanu ta ƙara wani kukan. Ɗakinsu ɗaya da 'yar rumfa, amma ta ba mu gadon, ta ba ni zane, ta aro wa yara kaya a maƙwabta. Na ce mata gobe da sassafe za mu kai yara gidan wasa. Ta dube ni kamar na yi saɓo.

"Anti, da saƙon mutane a ɗaki? In anka ji kun shigo gari kunka tahi wasa ba ku gaida kowa ba, ina za ki sa kanki in kin koma gida?"

Gaskiya ta faɗa, haka ake yi. Na ce to, mu ba saƙo rana ɗaya.

Ban san Ikko ba. A gida in an ce gidan wane, ka hau babur ka je ka dawo tuwo bai huce ba. A can daga Agege zuwa Idi-Araba sai da muka shiga mota uku, irin masu ruwan ɗorawar nan da kwandasta ke rataye a ƙofa, muka tsaya a cunkoso har Nana ta haddace duk abin da ke rubuce a bayan motar gabanmu. In kun isa kuma ba miƙawa za ku yi ku juya ba. Za a gaisa, a tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, masu rai da waɗanda suka rasu. Za a ɗora tukunya, kuma ƙin ci raini ne. In kun ci sai a ce maigida yana kasuwa, ya kusa dawowa, ai ba kwa tafi bai gan ku ba. Rana ta farko gida biyu muka samu. Rana ta biyu Apapa, wajen wani ɗan Tsibiri mai gadi, wanda ya karɓi ƙullin kukar uwarsa ya juya mana baya ya daɗe yana share fuska da hula. Rana ta uku Ikorodu, da tulun zuma.

Kowace safiya Bello sai ya ce, "Yau ne?" In ce, "Gobe." Ya daina cin abinci sosai, ya ce miyarsu tana cizon baki, tuwon gida yake so. Nana ta fara tambaya ko an tuna an ba akuyarta dusa. Ni kaina na yi kewar abin da ban taɓa zaton ana kewarsa ba: shirun tsakar gidana bayan azahar, da iskar da ke tasowa daga fadamun shinkafa, da ƙarar kekena. A Ikko ko sama ba a gani sosai, sai wayoyi.

Rana ta huɗu, ta ƙarshe, saura ƙulli ɗaya na mutanen Ruwan Gizo. Baban Nana ya ce a kan hanya yake, minti goma. Minti goman nan ya cinye azahar. Mun isa gidan wasan rana ta karkata, muna cikin kayan aro, Bello da wata riga mai hoton ƙwallo da ta kai masa gwiwa.

Amma na gan shi. Jirgin yana nan, ja da fari, ya fi na cikin wayata tsawo. Ya hau a hankali, ya tsaya, ya gangaro, aka yi ihu. Bello ya matse mini hannu har na ji zafi. A lokacin na yafe wa Ikko komai, har da mai gaisuwar nan. Muka sayi tikiti, muka shiga layi mai lanƙwasa kamar hanjin rago. Kusan awa guda muna matsawa taku-taku.

A bakin matakala akwai wata mata mai jiki, da rigar ma'aikata, tana riƙe da wani sanda mai jan zane a kusa da kansa. Duk yaron da ya zo sai ta tsayar da shi jikin sandan. Nana ta wuce zanen har da rara. Bello ya tsaya, ya miƙe wuya. Matar ta ɗora tafin hannunta a kansa, ta duba, ta girgiza kai.

Ban fahimta ba da farko. Na nuna mata tikiti. Baban Nana ya gwada ɗan Turancinsa. Sai ta dube mu da kyau ta ce da Hausa, irin ta wanda ya daɗe bai yi ba, "Hajiya, yi haƙuri. Yaro bai kai ba. Saura kaɗan." Ta ɗaga yatsu biyu a haɗe. Ta ce ƙarfen da ke riƙe mutum a kujera ba ya kama yaron da bai kai zanen nan ba, in jirgi ya gangaro zai iya zamewa.

Na roƙe ta. Na ce daga Zamfara muka zo, kwana biyu a mota. Na ce zan riƙe shi da hannuna biyu. Ta ce, "Ni ma uwa ce. In na bar shi, ba taimako na yi miki ba."

Bello bai yi kuka ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ya ɗaga kai ya dube ni kawai. Nana ta zare hannunta daga na ma'aikacin da ke shirin shigar da ita, ta ce in Bello ba ya hawa ita ma ba ta hawa. Muka koma gefe, mutane suna wuce mu. Aka kaɗa ƙararrawar tashi.

Ni da nake auna mutane tun safe har yamma, wadda ko biki ba na zuwa sai da tef a jakar hannu, ban taɓa tambayar ko akwai awo a wannan abin ba. A littafi ba a auna kowa.

Da layi ya watse, matar ta zo inda muke. Ta ce a Gusau ta yi ƙuruciya, babanta yana da shagon kayan keke, har yanzu tana mafarkin fura. Ta saya wa yaran ruwan sanyi da kuɗinta. Ta yi wa mai kula da lilon dawakan katako masu zagayawa magana ya juya musu su sau ɗaya, ko da yake an tashi. Nana ta ɗan yi murmushi. Bello ya zauna a kan nasa kamar an ɗora buhu. Ni kuwa na buɗe jaka na ciro tef, na ce, "Iya, don Allah ki ba ni sandan nan." Ta riƙe mini shi a tsaye, na durƙusa na auna daga ƙasa har jan zanen, sau biyu, na rubuta a bayan tikiti. Ta yi dariya ta ce tunda take aikin nan ba ta taɓa ganin wanda ya auna sandan ba, kullum shi ke auna mutane. Ta ce in za mu dawo mu zo ranar aiki, da safe kafin a buɗe ƙofa, kuma kada yara su cika ciki.

Tekun ma ba mu gan shi ba. Katanga ta tare shi. Mun dai ji ƙamshinsa.

Mun dawo gida da tsaraba da godiyar mutane. Duk inda na shiga sai sa albarka, an ce mun kyauta, mun sada zumunci. Amma da la'asar ta yi na zauna a keke na shimfiɗa tabarma, Nana ce kaɗai ta zo. Bello yana zaure yana tura gwangwani. Na ɗaga murya na fara wani labari mai daɗi, na ɗan sarkin da ya hau gajimare. Ya leƙo ya ce, "Na gaske ne ko na littahi?" Na ce na littafi ne. Ya koma wajen gwangwaninsa.

Abin bai tsaya a labari ba. In na ce gobe zan dafa shinkafa da wake, sai ya ce, "Sai na gani." In na ce allurar ba zafi, ya dubi babansa ya ji ko haka ne. Yaro ɗan shekara biyar ya daina karɓar maganar uwarsa sai da shaida. Na yi kuka a bayan keke, ranar da ba kowa. Da na gama na share ido, na ɗauko tikitin nan da tef da allin ɗinki, na je bangon ɗakin ɗinkina na auna daga ƙasa na ja zane. Sannan na bi shi da fensir don kada ya goge.

Na kira Bello na ce, "Ka ga wanga zane? Shi ne na sandan Iya, ba ƙari ba ragi. Ranar da kanka ya taɓa shi, za mu koma Ikko ka hau jirgi. Ba ni za ka tambaya ba, bango za ka tambaya."

Ya dubi zanen, ya dube ni. Sannan ya jingina da bangon ya tsaya. Saura yatsa biyu.

Da na gaya wa Baban Nana, yana wanke ƙafa ya dawo daga fadama, sai ya ce, "Ikko kuma, Balki? Ba mu ƙoshi ba? Ga ruwa nan Bakolori, mu kai su da 'yar shinkafa a kula, ki ce musu teku ne. Ke da kin iya labari."

Na ce, "Iya labarin ne ya kai ni inda nike. Dam za mu je in kana so, amma da sunanshi na dam. Abin da na ce ma yaron ga jirgi ne."

Ya daɗe yana zuba ruwa a ƙafa ɗaya. Ya ce, "To saƙon mutane fa?"

Wannan ita ce tambayar, kuma na yi watanni ina juya ta. A bayan littafin da nake rubuta awon masu ɗinki na buɗe shafi na tafiya. Na kira Hajara ta bincika mini ranakun da ake buɗewa da motar da ke zuwa can kai tsaye daga Agege. Na rubuta cewa jakarmu a wuyana za ta zauna, ko wanda ya zo ya gaishe ni da muryar kakata ba zan ba shi ba. Anko kuwa a jikinmu za mu tafi da shi. Batun saƙo, na samu wani direban babbar mota ɗan unguwarmu da ke kai albasa Ikko, ya yarda ya riƙa ɗaukar ƙullin mutane, masu shi su je su karɓa a inda yake sauke kaya. Na ga kamar na warware komai.

Da damina ta ja baya na fara zagayen sallama, tun da sauran wata biyu, don kowa ya ji da wuri. A Maradun an ɗan yi gunaguni, aka ce zamani. A Bakura kuwa Gwaggo Ige ta saurare ni har na gama, tana tsinke zogale a faranti, ba ta ɗago ba.

"Wato direban albasa za ya kai ma Hajara man shanu."

"Eh, Gwaggo. Har ma ya fi saurin isa."

"Direban albasa za ya duba min idonta ya ga ko tana barci? Za ya buɗa tukunyarta ya ga mi taka dahwawa? In ta ce lahiya lau, ya san wace irin lahiya lau ce?" Ta ajiye farantin. "Ke ɗiyar ga, kina zaton Ikko ba a sai da mai? Ba mai nika aikawa ba, ido nika aikawa. Wancan karon da kunka dawo, ba ki ga sai da na tsare ki kin hwaɗa min har kalar labulenta ba?"

Na tuna ɗan Tsibirin nan da hularsa a fuska. Duk kwana ukun da nake jin an sace mini, ashe aikin da aka aike ni ke nan ban sani ba.

Amma na tuna Bello a kan dokin katako. Na ce, "Gwaggo, kin yi gaskiya, kuma ban san haka ba sai yau. Zan je in duba miki Hajara har ƙarƙashin gado. Kowa zan je in gani. Amma sai na fara kai ɗana inda na yi mishi alkawari. Ranar farko ta Bello ce. In an zage ni a kan haka, na ɗauka."

"Wasa kahin zumunci?"

"Alkawari kahin zumunci, Gwaggo. Shi ma zumuncina ne."

Ba ta raka ni ƙofa ba. Ko gyaɗar da ta saba ƙulla wa yara ba ta bayar ba. Na hau babur na tafi, ban koma na janye maganata ba.

Sati uku ba ta neme mu ba. Ranar wata kasuwa sai ga ta da hantsi, da ƙwaryar nono a ka da curin fura, ta ce ta shigo gari ne sayen gishiri, ba wajenmu ta zo ba. Ta zauna a ɗakin ɗinki tana bin bango da kallo.

"Shi ne zanen da anka ce? To wane ne ciki? Na ga biyu."

Na juya. Da gaske biyu ne. Ga nawa na fensir, miƙaƙƙe. Sama da shi da kamar faɗin yatsa ga wani, karkatacce, da jan alli. Kullum ina ɗakin amma labulen da na rataya a ƙusa yakan kare shi daga inda nake zama a keke.

Na kira Bello. Ya shigo yana sunkuyar da kai, ya gaida Gwaggo. Na ce wa ya yi wannan. Ya ce shi ne, a kan kujera ya hau.

"Don mi?"

"Don kar sandansu ya hi namu tsawo. In na kai naki kaɗai, ƙila mu je a ce saura kaɗan."

Na buɗe baki zan ce masa sau biyu na auna, awona ba ya ƙarya. Sai na rufe. Na tsayar da shi a bango, ba takalmi ba hula, na ɗora rula a kansa. Ya taɓa zanena cif. Na ce, "Bello, ka kai." Ya waiga ya duba da kansa, ya ce, "Ban kai nawa ba."

Gwaggo Ige ta yi dariya har tana tari. Ta ce, "Wanga ba ɗanki ba ne, ɗan kakanshi ne. Shi ma buhu biyu yaka ɗaurewa da igiya uku." Ta jawo ƙwarya ta dama fura da kauri ta miƙa masa. "Sha, miji na. Sha ka yi tsawo ka hid da uwarka kunya." Tana kallon sa yana sha, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "In an tashi tahiyar a sai tikiti da ni. Idona ya hi naki gani. Ku ku tahi wajen lilonku, ni da Hajara mu zaga da kayan mutane. Kuma in na gama, a kai ni wajen matar nan mai sanda ta auna ni, in ji ko na kai."

Tun daga ranar nono bai yanke mana ba, duk kasuwa sai ta aiko daga Bakura. Na ɗinka sabon anko, shuɗi kamar na da, har da na Gwaggo, na bar wa wandon Bello lanƙwasa a ƙafa. Baban Nana ya yi magana da masu mota. Hutu yana matsowa, ni kuma na ƙudura a raina cewa in hutun ya zo bai kai jan allinsa ba, za mu jira na gaba. Ba zan ce masa ai ya isa ba. Ban ƙara ambaton jirgi ba, ban ƙara cewa teku ba. Na bar bango yana magana.

Saura kwana goma sha biyu a ba da hutu, ina tsakiyar haɗa wuyan wata riga da la'asar, sai na ji shi a bayana.

"Mama, zo da rula."

Ya riga ya cire takalmi. An yi masa aski ranar, ko gashin da zai ƙara masa babu. Ya manna dugadugansa a bango. Nana ta durƙusa ta danne masa yatsun ƙafa don kada a ce ya yi ɗage. Na ɗora rula a hankali. Bakinta ya sauka a kan jan allin.

Ya zame ya juya, ya sa yatsa a wurin, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya je ya jawo tabarmar da ke naɗe a lungu, ya shimfiɗa ta a gaban keke, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa.

"To, ba ni labarin jirgin. Tun daga hwarko."

Na ajiye rigar. Na ji duk kalmomin nan na da suna taruwa a bakina, gajimare da jiragen ruwa kamar takalma. Na haɗiye su.

Na ce, "A bakin matakala akwai wata mata mai sanda. Za ta tsayar da kai, ta ɗora hannu a kanka."

"Sai mi?"

"Sai ta matsa gefe. Abin da ke sama kuwa ban taɓa gani ba. Kai za ka sauko ka ba ni labari."